Jan Marfin da Na Juya

A shekarun karayar tattalin arziki da muke kira kiriz, ni da maigidana muka rasa aiki cikin damina ɗaya. Ni aka fara sallama. Ina buga tafireta a ofishin wasu masu fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, wata safiya aka tara mu, aka yi mana godiya da Faransanci mai daɗi, aka nuna mana ƙofa. Shi kuwa injiniya ne a wata masana'antar haɗa rediyo da talabijin a can unguwar Bassa. Su ko godiyar ba su samu ba, sun je aiki ne kawai suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Lokacin duk lungun da ka shiga a unguwarmu ta New Bell labarin ɗaya ne, an kwamfirese wane, wato an matse shi daga aiki. Har muka daina yi wa juna jaje.

Dukanmu haihuwar Duwala ne. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su daga arewacin Najeriya, iyayenmu kuma suka sa mu lekol, wato makarantar boko, lokacin da wasu ke gudunta. Shi karatu ya kai shi har Faransa, ya dawo saboda mahaifiyarsa. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai taurin kai irin na masu shiru. Ni kuwa baki gare ni, kowa a layinmu shaida ne. Abin da ya sa wannan labari yake ƙona ni har yau ke nan. Sau ɗaya a rayuwata aka buƙaci bakin nan nawa da gaske, ranar kuwa na kulle shi.

Bayan rufe masana'antar da 'yan watanni, wasiƙa ta zo masa daga wani abokinsa da suka yi karatu tare, wanda ya zauna can Turai yana aiki a wani ƙaramin kamfani. Maigidana ya karanta ta sau uku, sannan ya kwance mini bayan tsohuwar rediyonmu don in gane. Cikinta cunkus da tarkace, kowanne da aikinsa. Ya ce yanzu so ake a tattara duk wannan a kan ƙwaya ɗaya baƙa, wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba. A tsakiyar ƙwayar akwai wurin da ke lissafi yana ba sauran umarni, shi yake kira zuciya. Kamfanin abokinsa na neman zanen ƙaramar zuciya marar shan batir, wadda za a sa a talabijin da rediyo da kayan wasan yara. Wanda zanensa ya yi, za a ɗauke shi aiki. Amma masu nema da yawa, don haka kallo ɗaya za a yi wa zanen kowa.

Na tambaye shi da me zai yi, tunda kwamfutar da yake aiki da ita tana can bayan kwaɗo. Ya ce zane dai takarda da fensir sun isa, gwaji ne matsala. Sai ya tsaya yana kallona kamar mai taya akuya a kasuwa. Na ce masa ya daina, kallon nan nasa bai taɓa jawo mini alheri ba.

Ga yadda muka yi. Ya ja layuka da alli a kan simintin ɗakinmu, layi huɗu, kowane layi gida takwas. Kowane gida aka sa masa marfin kwalba. Marfi a buɗe yana nufin ɗaya, a kife yana nufin sifiri. A gefe guda kuma ya zana gida ɗaya shi kaɗai, ya sa masa jan marfin lemo. Wannan shi ne ajiya, irin wadda aka koya mana a lekol: bakwai da biyar sha biyu, a rubuta biyu a ajiye ɗaya. Idan akwai ɗayan da aka ajiye, jan marfi na buɗe. Idan babu, yana kife. Daga zanensa ya fitar da dokoki ya rubuta a kan kwalaye. Shi zai buga cokali a jikin kofi, kowane bugu mataki ɗaya, ni kuma in karanta dokar in juya marafan yadda ta ce. Amsar gaskiya tana rubuce a hannunsa, ba na ganinta sai mun gama.

Marafan a wurin wata maƙwabciyarmu mai sayar da giya a bayan gidanmu na samo su. Ta cika mini leda tana dariya, ta ce ashe Hausawa ma sun fara, daga marfi ake somawa. Na wanke su da sabulu da ruwan zafi sau uku kafin na yarda su shiga ɗakin da muke salla.

Ranar farko ya kafa mini sharaɗi. "Madam, daga yanzu ke inji ce. Inji ba ya tunani, ba ya kara, ba ya tausayi. Abin da kwali ya ce, shi za ki yi, ko da kin san ba daidai ba ne."

Na ce to ya sani inji ba ya dafa tuwo kuma.

Wata tara muka yi a haka. Akwai ranakun da gari ya mutu saboda zanga-zanga, ba mota, ba kasuwa, sai hayaƙin taya daga wajen unguwar Ndokoti, mu kuma muna durƙushe muna juya marafai. In ruwa ya sauko irin na Duwala, kwata ta cika ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta wanke allin, mu jira ƙasa ta bushe ya sake zanawa. Gwiwoyina suka yi kanta. Kurakurai kuwa mun kama su ba adadi, kuma ba na ɓoye jin daɗina. Da amsa ta saɓa sai in tafa hannu in ce, Injiniya, zuciyarka ta tsaya, a kira liman. Sai ya yi dariya ya ɗauki fensir ya koma kan takarda, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, gara ta tsaya a ɗakinmu da ta tsaya a gaban Turawa. Muna cikin talauci sosai, amma ban tuna wani lokaci da na ji daɗin aurena kamar watannin nan ba.

Wanda yake ciyar da mu duk tsawon lokacin shi ne Yaya, wan maigidana. Mahauci ne mai rumfa a babbar kasuwa, bai yi lekol ba, shi ya tsaya wa gida lokacin da ƙanensa yake karatu. Ba mugu ba ne, kada a ji ni ba daidai ba. Duk mako sai ya aiko da nama da shinkafa, ko a ranakun da shi kansa bai yi ciniki ba. Amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Yana cewa an tura mutum Faransa ya dawo yana dara da matarsa da marafan giya. Daga ƙarshe ya yanke hukunci a gaban mahaifiyarsu: a aika da zanen, in an ɗauka falillahil hamdu, in ba a ɗauka ba ƙanensa ya ajiye fensir ya zo rumfa ya kama sikeli. Maigidana ya amince. Ni na san in ya shiga rumfar nan ba zai sake fitowa ba.

Sai ga abokin nasa ya zo gida sadakar arba'in ɗin mahaifinsa. Ya ce in zanen ya kammala ya tafi da shi a hannu, ya fi gidan waya aminci. Ya kuma ce kamfanin ya ƙara sharaɗi ɗaya: in zuciyar tana tsakiyar lissafi aka danna maɓalli, kamar mutum ya canza tasha, dole ta tsaya ta amsa, sannan ta koma lissafinta daidai inda ta bari. Cikin mako guda maigidana ya ƙara wannan ɓangaren. Bai gama ba sai ranar da abokin zai tashi. Jirgi da yamma ne, mu kuma muka zauna gwajin ƙarshe bayan azahar.

Mun fara ke nan muka ji sallamar Yaya. Ya shigo ya ja kujera ya zauna, takalmansa dab da layin alli, ya ce yau dai bari ya ga abin da yake cin namansa wata tara. Na tashi na yafa mayafi na gaishe shi, na koma na durƙusa. Maigidana ya soma yi masa bayani. Ban taɓa ganinsa yadda na gan shi ranar ba. Mutumin da ya tsaya gaban malaman Faransa ya kare karatunsa, ga shi gumi na tsatsafo masa a gaban wansa. Yaya ya ce a bar dogon turanci, a yi abin a gani.

Cokali ya soma bugawa. Lissafin tarawa ne, mun yi irinsa sau ɗari. Muka kai inda aka ajiye ɗaya, na buɗe jan marfi. Nan maigidana ya ce an danna maɓalli. Na ɗauki sabon kwalin. Kwalin ya ce in kwafe layuka huɗun nan gefe don kada su ɓace, na kwafe. Dokar ba ta ce komai a kan jan marfi ba. Muka shiga aikin amsa maɓallin, a mataki na uku doka ta ce a kife jan marfi, na kife. Muka gama, na mayar da layukan yadda suke, aka ce a ci gaba da tarawa. Na duba gefe, jan marfi na kife. Ɗayan da muka ajiye ya tafi, ba kuma dokar da ta ce a dawo da shi.

Wata tara sun sa na san abin nan kamar tafin hannuna. Na san amsar za ta saɓa. Da mu biyu ne, da tuni na tafa hannu na kira liman. Amma ga Yaya zaune, ya harɗe hannuwa, yana jira. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta ɗaga murya a gaban wan mijinta, balle ta ce mijinta ya yi kuskure, balle kuma a ranar da ake jiran ya yi kuskuren. Na hango abin da zai fito daga bakin Yaya, na hango fuskar maigidana yana saurare. Duk wannan tsakanin bugun cokali ɗaya da na gaba ne. Na miƙa hannu kamar zan gyara layi na huɗu, gefen mayafina ya sauka a kan jan marfin, na juya shi da ɗan yatsa.

Amsa ta fito. Maigidana ya buɗe takardar hannunsa ya miƙa wa Yaya, ya nuna masa yadda ake karanta marafan. Yaya ya duba takarda, ya duba ƙasa, ya sake duba takarda. Ya ce ashe dai abin yana lissafi. Ya yi addu'a Allah ya sa a dace, ya dafa kafaɗar ƙanensa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya fita.

Na ce a raina yanzu zan faɗa. Maigidana ya tattara takardun ya zuba a babban ambulan ya liƙe, ya sa rigarsa ta zuwa ofis wadda na goge tun safe. Na bi shi har bakin ƙofa na ce, "Malam." Ya juyo. Rabon da in ga haske irin wannan a fuskarsa tun kafin kwaɗon nan. Ya tsaya yana jirana.

Na ce, "Ka ɗauki lema, hadari ya haɗu."

Ya ɗauki lemar ya tafi.

Na sha gaya wa kaina cewa lokaci ne ya ƙure, amma ƙarya ce. Ko washegari na faɗa, da ya gyara ya bi da wasiƙa, wataƙila ma ta riga masu dubawa. Na san da haka sarai. Kullum da safe sai in ce yau, in ya dawo masallaci. Ya dawo, in ga yana fara'a yana tsokanar 'ya'yanmu mata wai su fara koyon sa rigar sanyi saboda zaman Turai, sai in ce gobe. Kowace rana maganar na ƙara nauyi, domin yanzu ba kuskurensa kaɗai zan faɗa ba, har da abin da na yi, da kwanakin da na yi shiru. Har na fara lallashin kaina cewa ƙila Turawan ba za su lura ba. Ni da aka sani da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, na zauna wata uku ina addu'ar kada a ga ɓaraka.

Amsa ta zo bayan damina. Abokin ya rubuta da tausasawa. Ya ce zanen tsaf yake, ƙarami, manyan wurin sun yaba. Amma da suka sa shi a kwamfuta, tun safiyar farko ya nuna yana manta ajiya in aka danna maɓalli a tsakiyar tarawa. Gyaran ba wani abu ba ne. Sai dai takardar da ke sama ta ce an gwada wannan ɓangaren ya wuce lafiya, su kuma ba su san yadda za su amince da sauran gwaje-gwajen ba. Sun ɗauki na wani.

A tsaye ya karanta. Ya ninke wasiƙar ya ce Allah bai nufa ba. Na jira ya tambaye ni yadda aka yi gwajinmu ya wuce. Wallahi da ya tambaya da na faɗa, har na shirya kukan. Bai tambaya ba. Ya ɗauki tsintsiya da kansa ya share marafan ya zuba a kwata, ya kawo ruwa ya wanke allin. Ranar Litinin ya tafi rumfar Yaya.

Shekara goma sha ya yi yana auna nama. Yana dawowa da ƙarnin jini a farcensa, ya yi wanka, ya ci abinci, ya zauna a ƙofar gida. Rediyonmu ta lalace ya ce a kai wa mai gyara. Yaya bai taɓa yi masa gori ba, wannan ma wani ciwon ne, domin tausayi ya koma yi masa. Ni kuwa na zama masifaffiya ta gaske. Na yi faɗa da shi a kan kananzir, a kan takalman yara, a kan yadda yake ajiye buta. Duk abin da ke duniya na yi masa magana a kai, ban da abu ɗaya. Ina kallon kayan da yake mafarki suna cika gari, wayoyi a hannun masu soya, wato masu tsire, talabijin a kowane shago, kowanne da 'yar baƙar ƙwayarsa a ciki. Ban taɓa jin ya ce uffan a kansu ba.

Daga baya hawan jini ya kayar da shi a rumfa, ɓarin damansa ya shanye. Magana tana fita amma da ƙyar. Wata rana bayan la'asar ina shafa masa man zafi a hannun da ya mutu, ina miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai kawai na ji ba zan iya ba kuma. Ban yi shiri ba, ban ɗago kai ba. Na ce masa ranar da Yaya ya zo, jan marfin a kife yake, ni na juya shi.

Ya ce, "Na gani."

Na saki hannun.

A hankali ya yi bayanin, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce ya riga ni ganin marfin a kife, ya rasa yadda zai yi ya buga cokali na gaba. Sai ya ga mayafina ya sauka. Ya ce a lokacin godiya ya ji, kamar an ɗauke masa dutse daga ƙirji. Da na kira shi a bakin ƙofa ya ɗauka zan faɗa, ya tsaya, na ce masa lema. Duk hanyar zuwa gidan abokinsa yana tunanin gyaran, kafin ya isa ma ya samo shi. Layi biyu ne kawai.

Na ce, "To me ya hana ka buɗe ambulan ɗin? Me ya hana ka aika wasiƙa?"

Ya ce, "In na gyara, ai na nuna miki na ga kin yi ƙarya. Kin rufa mini asiri gaban Yaya. Ina zan tona naki?"

Ya ce wata uku yana jiran in buɗe baki ya samu hanya. Ni kuma wata uku ina jiran ya tambaya. A ɗaki ɗaya muke kwana, a kwano ɗaya muke cin abinci.

Na so in yi masa masifa irin wadda na saba, in ce wane irin sakarci ne wannan, mutum ya jefar da rayuwarsa don kada matarsa ta ji kunya. Amma kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka sallame ni. Shi bai yi ba. Ya nuna kwalin maganinsa da ido, ya ce in ba shi biro. Na juya masa bayan kwalin na riƙe, ya kama biron da hagu. Ya daɗe yana fama. Ya zana ɗan akwati a karkace, ya ja layi ɗaya ya shiga, ya ja wani ya fita. Ya ce ga shi nan, wurin da za a ajiye jan marfi kafin a amsa maɓalli. Duk shekarun nan yana kansa, yana auna nama da shi.

Bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Kwalin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Na taɓa nuna wa wani mai gyaran waya a kasuwa, ya jujjuya shi ya ce, Hajiya, wannan ai kwalin maganin hawan jini ne. Na karɓi abina na mayar cikin jaka.